Yadda Za Ka Binciki Tarihin Zaɓen Gwamnan Jihar Kaduna na 1979

A ranar Asabar, 28 ga Yulin 1979, mutanen Jihar Kaduna suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama gwamnansu, alhali mako ɗaya tak kafin wannan rana su ɗin dai ne suka cika majalisar dokokin jihar da 'yan jam'iyyar NPN. Ba a cika shekara biyu ba, a ranar 23 ga Yunin 1981, wannan majalisa ta tsige shi, ya zama zaɓaɓɓen gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. Yawancin abin da ake faɗa game da wannan zaɓe a yau bai wuce haka ba, kuma kowa yakan ƙarasa sauran labarin gwargwadon inda zuciyarsa ta karkata. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibin da ke shirin rubuta kundin digiri, da ɗan jaridar da ke son haɗa rahoto na musamman, da duk wani ɗan Katsina ko Zariya ko Kafancan da ke son sanin abin da iyayensa suka yi da ƙuri'arsu a wancan lokaci. Abin da zan fi nanatawa shi ne kada ka ɗauki sakamakon 28 ga Yuli shi kaɗai ka ce za ka fassara shi, domin ba zai fahimtu ba sai an jera shi da zaɓukan da suka gabace shi da wanda ya biyo bayansa.

Ka fara da taswirar jihar

Jihar Kaduna ta 1979 ta fi ta yau girma nesa ba kusa ba, kuma wanda ya manta da wannan zai yi ta neman amsa a inda babu ita. A lokacin jihar ta haɗa ƙasar Katsina da Daura da ƙasar Zazzau da kudancinta, tun daga kan iyakar Nijar har zuwa ƙasar Jama'a. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa ta a 1967 da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya, aka sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, kuma sai a watan Satumban 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Katsina daga cikinta. Saboda haka Bakatsine yana da haƙƙi a kan wannan tarihi daidai da Bazazzagi, ballantana ma ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, mutumin Katsina ne, shi kuwa Balarabe Musa haifaffen Kaya ne a ƙasar Zazzau.

Ƙananan hukumomi 14 ne a jihar lokacin zaɓen. Bakwai suna ɓangaren da ya zama Jihar Katsina, wato Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa, bakwai kuma suna ɓangaren da ya ci gaba da amsa sunan Kaduna, wato Kaduna, Zariya, Ikara, Saminaka, Kaciya, Jama'a da Birnin Gwari. A yau wannan ƙasa ta rabu zuwa ƙananan hukumomi 57, Katsina tana da 34, Kaduna tana da 23. Ka samo taswirar jihohin biyu ka zana tsofaffin iyakoki a kanta da jan biro, ka rubuta a gefe waɗanne ƙananan hukumomin yau ne suka fito daga cikin kowace tsohuwa. Wannan ƙaramin aiki zai hana ka kuskuren ɗaukar ƙuri'un da jarida ta ce an samu a Funtuwa ka jingina su ga garin Funtuwa kaɗai, alhali sun haɗa da garuruwa da ƙauyuka masu yawa waɗanda yanzu kowanne yana cin gashin kansa.

Dokar zaɓen da jerin ranakunsa

Kafin 1979 ba a taɓa zaɓen gwamna da ƙuri'ar jama'a kai tsaye ba a Nijeriya. A Jamhuriya ta Farko mulkin Jihar Arewa yana hannun Firimiya, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda ya fito daga jam'iyya mai rinjaye a majalisa, gwamna kuwa, Sa Kashim Ibrahim, naɗa shi aka yi. Bayan nan sojoji suka yi ta naɗa nasu. Kundin tsarin mulkin 1979 ne ya raba zaɓen gwamna da na majalisa, kuma wannan rabuwa ce ta sa ya yiwu gwamna ya fito daga wata jam'iyya, majalisa kuma ta faɗa hannun wata. A ƙarƙashin tsohon tsari, abin da ya faru a Kaduna ba zai yiwu ba ko kusa, domin jam'iyyar da ta ci majalisa ita za ta kafa gwamnati. Ka nemi kundin ka karanta sassan da suka shafi gwamna da kanka, kada ka dogara da na 1999, domin ko da yake sun yi kama, akwai wuraren da suka saɓa. Sharaɗin cin zaɓe shi ne ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Ka lura kuma cewa ɗan shekara 18 yana da ikon jefa ƙuri'a, kuma wannan ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka shiga, tun da a Jamhuriya ta Farko maza kaɗai ke zaɓe a Arewa.

Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa ranar 21 ga Satumban 1978, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma, a ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN ta Alhaji Shehu Shagari, UPN ta Cif Obafemi Awolowo, NPP ta Dakta Nnamdi Azikiwe, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, da PRP ta Malam Aminu Kano. An jera zaɓukan ne Asabar bayan Asabar. An yi na majalisar dattawa ranar 7 ga Yuli, na majalisar wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28, sannan na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Ka rubuta waɗannan ranaku a shafin farko na littafin bincikenka, domin duk takardar da za ka karanta da duk maganar da za a gaya maka, sai ka san a tsakanin waɗanne Asabar biyu ta faɗo kafin ka san nauyinta.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan jeri shi ne, kafin a kai ga zaɓen gwamna kowace jam'iyya ta riga ta auna ƙarfinta sau uku. Majalisar dokokin Kaduna tana da kujeru 99, wato ninki uku na kujeru 33 da jihar ke da su a majalisar wakilai, kuma a zaɓen 21 ga Yuli NPN ta kwashe fiye da 60 daga ciki, sauran jam'iyyu huɗu suka raba ragowar. Duk ɗan GNPP ko UPN ko NPP da ya ga wannan sakamako ya san ɗan takararsa ba zai zama gwamna ba, saura da me, sai ya zaɓi tsakanin NPN da wadda ta fi kusa da iya kayar da ita. Bayanin da ya fi shahara game da nasarar Balarabe Musa shi ne cewa magoya bayan waɗannan jam'iyyu, musamman a kudancin jihar, sun juya ƙuri'unsu zuwa PRP a cikin wannan mako. Akwai kuma masu ɗora abin a kan saɓanin cikin gida na NPN game da ɗan takarar da ta tsayar, da daɗaɗɗiyar gasa tsakanin Katsina da Zazzau. Aikinka shi ne ka gwada kowane bayani da alƙaluma, kada ka karɓi ɗaya don kawai an fi maimaita shi. Abin da ya ƙara wa tambayar armashi shi ne, mako biyu bayan zaɓen gwamna, Shagari ne ya zo na ɗaya a Jihar Kaduna a zaɓen shugaban ƙasa, Malam Aminu Kano ya zo na biyu. Ke nan jihar ba ta koma PRP ba. Wani abu ne ya faru wanda ya keɓanta da kujerar gwamna, kuma shi kake nema.

Inda takardun suke da yadda ake karanta su

Wurare huɗu ne ya kamata ka fara da su. A cikin garin Kaduna akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. A Samaru akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. A Kano kuma akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano da ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, inda ya fi dacewa ka nemi abin da ya shafi PRP. Idan ɓangaren Katsina ne ya fi damun ka, ka leƙa hukumar tarihi da al'adu ta jihar. Ka tafi da takardar gabatarwa daga makarantarka ko wurin aikinka, da katin shaida, ka kuma gaya wa ma'aikacin da ke kula da ɗakin ainihin watanni da shekarar da kake so. Wanda ya ce yana neman abin da ya shafi Jamhuriya ta Biyu zai daɗe a zaune, wanda kuwa ya ce a ba shi kundin New Nigerian na Yuli da Agustan 1979 ya sauƙaƙa wa kowa aiki.

Tsofaffin jaridu a ɗaure suke cikin manyan kundaye masu nauyi, takardarsu ta yi ja, gefenta yana ɓarewa da an ja ta da ƙarfi. Ka shimfiɗa kundin a kan tebur, ka sa tafin hannu a ƙarƙashin shafi ka juya shi a hankali, kada ka jiƙa yatsa da yawu, kada kuma ka yi rubutu a kai. Idan an ba ka izinin ɗaukar hoto da waya, ka fara ɗaukar saman shafin inda sunan jarida da kwanan wata da lambar shafi suke, sannan ka ɗauki labarin. Hoton da ba shi da kwanan wata ba zai yi maka amfani ba ranar da ka zauna rubutu, domin ba za ka iya tuna ko kafin 21 ga Yuli aka buga shi ko bayanta ba.

Ka san mai kowace jarida kafin ka yarda da ita. New Nigerian ta Kaduna da 'yar'uwarta ta Hausa, Gaskiya Ta Fi Kwabo, su ne suka fi kusa da wurin da abin ya faru, kuma a nan za ka fi samun jerin 'yan takara da sanarwar FEDECO da rahoton tarurruka. A wancan lokaci gwamnatin tarayya ce ke da mallakar New Nigerian tun daga 1975, kamar yadda ta riƙe rinjayen hannun jarin Daily Times ta Legas, kuma 'yan PRP sun daɗe suna kallon ta a matsayin muryar masu faɗa a ji na Arewa. Nigerian Tribune ta Ibadan ta Awolowo ce, saboda haka can za ka ji yadda UPN take kallon Kaduna. Nigerian Standard ta Jos za ta taimaka maka game da kudancin jihar, mujallar West Africa da ake bugawa a Landan kowane mako a wancan lokaci kuma takan kawo taƙaitaccen sakamako da sharhin wanda yake nesa da rigimar. Jaridar Triumph ta Kano sai a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa ta, don haka ba shaida ba ce a kan ranar zaɓe, amma tana da amfani ga abin da ya biyo baya. A ganina Gaskiya Ta Fi Kwabo ce masu bincike suka fi yi wa rashin adalci, domin da yawa sukan tsallake ta su tafi ga na Turanci, alhali a cikin wasiƙun masu karatu da tallace-tallacen jam'iyyu da ke cikinta ne za ka ji harshen da aka yi yaƙin neman zaɓe da shi a kasuwa da tasha.

Karatun jarida ya fara daga Satumban 1978, domin ka ga yadda kowace jam'iyya ta fitar da ɗan takararta da waɗanda aka ɓata wa rai a wajen fitarwar. Kana iya yin sauri a watannin tsakiya. Amma idan ka iso kwanaki bakwai da ke tsakanin 21 da 28 ga Yuli, ka karanta kowane shafi har da ƙananan labaran da ke ƙasa. Wane shugaban jam'iyya ne ya kira taron manema labarai? Wane ɗan takara ne aka ce ya janye, wa kuma ya fito ya ƙaryata? Ina aka ga manyan 'yan siyasa sun kai ziyarar da ba a shirya ba? A irin waɗannan ƙananan labarai ake gane ƙawancen da ba a rubuta shi a takarda ba.

Yadda za ka jera alƙaluma

Ka ɗauki babbar takarda ka ja layi 14 a kwance, kowane layi ƙaramar hukuma ɗaya, sannan ka ja layuka a tsaye domin zaɓukan biyar, kowane zaɓe kuma ka raba shi gida biyar na jam'iyyu. Ka cike abin da ka samu daga rahoton FEDECO da gazet ɗin gwamnati da jaridu, kana rubuta tushen kowane adadi a gefensa da fensir. Gidan da ba ka samu adadinsa ba ka bar shi fanko, kada ka cike shi da ƙiyasi. Inda jaridu biyu suka saɓa, wanda yakan faru saboda kuskuren ɗab'i ko don an buga sakamako kafin a gama haɗa shi, ka rubuta duka biyun ka fifita na hukumar zaɓe, kana mai bayyana wa mai karatu cewa akwai saɓani.

Idan teburin ya cika, ka mayar da kowane adadi zuwa kashi cikin ɗari, domin yawan masu fitowa zaɓe ya bambanta daga Asabar zuwa Asabar. Daga nan ka duba abu uku. A waɗanne ƙananan hukumomi ne kason GNPP da UPN da NPP ya faɗi tsakanin 21 da 28 ga Yuli, kuma shin na PRP ya tashi da kwatankwacin abin da suka rasa? Shin kason NPN kanta ya ragu a wani wuri, wanda zai nuna cewa 'ya'yanta ne suka juya mata baya ko suka zauna a gida? Sannan a ranar 11 ga Agusta, shin ƙuri'un sun koma inda suka fito? Tazarar da ke tsakanin Balarabe Musa da Lawal Kaita ba ta da yawa, saboda haka sauyin da ya faru a ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu ya isa ya juya sakamakon jihar baki ɗaya. Wannan ne ya sa jimillar jiha ba za ta gaya maka komai ba sai ka warware ta.

Hira da waɗanda suka jefa ƙuri'a

Wanda ya yi zaɓen 1979 yana ɗan shekara 18 ya haura sittin a yau, waɗanda suka jagoranci jam'iyyu kuwa mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Lawal Kaita ya rasu a watan Janairun 2018, Balarabe Musa kuma a ranar 11 ga Nuwamban 2020. Dukansu sun bar hirarraki a jaridu da gidajen rediyo waɗanda ya kamata ka tattara, amma idan lokacinka ko kuɗinka bai isa ka yi komai da komai ba, ka gabatar da hira da masu rai a kan zaman ɗakin karatu, domin takarda za ta jira ka. Kada ka tsaya ga tsofaffin kwamishinoni da 'yan majalisa. Ka nemi malaman makarantar da suka yi aikin malamin zaɓe, da ejan-ejan na jam'iyyu da suka tsaya a rumfuna, da direbobin da suka ɗauki akwatuna, da masu unguwanni, da shugabannin coci a kudancin jihar, da matan da suka fara jefa ƙuri'a a wannan shekara. Su matan, a gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, ka nemi mace ta yi maka hirar.

Ka je ta hannun wanda dattijon ya sani, ka gaisa yadda ya kamata, ka zauna ƙasa idan a ƙasa yake zaune, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da za ka yi da maganarsa, sannan ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kada ka buɗe da tambayar me ya sa Balarabe ya ci zaɓe, domin amsar da za ka samu ita ce wadda aka daɗe ana maimaitawa a majalisar ƙofar gida har ta yi santsi. Ka tambayi abin da idonsa ya gani. "Baba, a ina rumfarku take ranar zaɓen gwamna?" "Allah ya ƙara girma, wa ya zo ya gaya muku alamar da za ku zaɓa, kuma yaushe ya zo?" "Inna, da wa kika tafi wurin zaɓen, kuma wa ya ba ki shawara?" Mutane da yawa ba za su ambaci sunan jam'iyya ba, za su ce sun zaɓi mabuɗi, wato PRP mai kirarin nasara, ko gida da masara, wato NPN mai kirarin aminci. Ka rubuta yadda suka faɗa. Idan wani ya tuna baitin waƙar siyasa ta lokacin, ka roƙe shi ya rera ta, ka kuma tambayi ko akwai mai tsohon kaset a garin.

Babbar matsalar wannan hira ita ce tunanin mutane yakan cuɗa zaɓen 1979 da na 1983, tun da Lawal Kaita ya tsaya a duka biyun, ya faɗi a na farko ya ci na biyu. Akwai hanyoyin tacewa. Zaɓen gwamna na 1979 ya faɗo a kwanakin farko na azumin Ramadan, ga kuma damina ta yi nisa, shi kuwa na 13 ga Agustan 1983 an yi shi ne bayan ƙaramar salla da kusan wata guda. Saboda haka tambayar "Kuna azumi ranar?" takan warware ruɗanin nan take ga Musulmi. A 1979 zaɓen shugaban ƙasa ne na ƙarshe, a 1983 kuwa shi aka fara yi. Haka nan duk wanda ya kawo maganar 'yan santsi da 'yan taɓo, wato ɓangarori biyu da PRP ta rabu zuwa gare su, ya riga ya tsallaka zuwa 1980 da bayanta, domin a lokacin zaɓen PRP ba ta dare gida biyu ba tukuna. Idan ka ga dattijo ya cuɗa, kada ka gyara masa a gaban mutane. Ka mayar da shi da wata tambaya cikin ladabi, ka yi alama a littafinka.

Abin da ya biyo bayan zaɓen

Ba za ka iya rufe bincikenka a ranar rantsuwa, 1 ga Oktoban 1979, ba, domin rikicin da ya biyo baya ɗan zaɓen ne na cikinsa. Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano sun soke haraji da jangali da hawansu mulki, abin da 'yan NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano ta Jamhuriya ta Farko, suka daɗe suna fafutika a kai. Rimi yana da gagarumin rinjaye a majalisar Kano mai kujeru 138, shi kuwa Balarabe majalisarsa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen da ya aika mata, har aka tsige shi bai naɗa kwamishina ko ɗaya ba. Kwatanta jihohin biyu zai nuna maka bambancin da zaɓen 21 ga Yuli ya haifar. Ka nemi rubutaccen bayanin zaman majalisar da aka yi a zauren Lugard, da wasiƙun da suka gudana tsakanin gwamna da kakakin majalisa, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, da kuma rubuce-rubucen Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jihar, kana sane da cewa shi ɗan ɓangare ne a rigimar.

Ka karanta sashe na 170 na kundin 1979 da kyau. Ya buƙaci kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa kafin a tsige gwamna, wato mutum 66 cikin 99, ya ba kakakin majalisa ikon naɗa kwamitin mutum bakwai da zai binciki zarge-zargen, ya kuma hana kotu tsoma baki. A kundin 1999 babban jojin jiha ne ke naɗa wannan kwamiti. Ka bi sunayen 'yan majalisar ɗaya bayan ɗaya daga Yulin 1979 zuwa Yunin 1981, ka ga wanda kotun zaɓe ta sauya da wanda ya canza sheƙa, domin ta haka ne za ka san yadda aka haɗa adadin da doka ta nema. Ka sa rabuwar PRP a cikin lissafi, tun da a lokacin tsigewar Balarabe Musa da Abubakar Rimi suna ɓangaren Michael Imoudu, tsohon jagoran ƙwadago, sun raba gari da Malam Aminu Kano. Mataimakin gwamna, Alhaji Abba Musa Rimi, shi ya ƙarasa wa'adin, sannan Lawal Kaita ya hau a Oktoban 1983 ya yi wata uku kafin juyin mulkin 31 ga Disamba.

Wajen rubutawa, ka kiyayi ɗaukar abin da aka sani a 1981 ka ɗora shi a kan mai jefa ƙuri'a na 1979, wanda bai san za a yi tsigewa ba, bai kuma san irin sunan da kowane ɗan takara zai yi daga baya ba. Ka raba abin da takarda ta tabbatar da abin da mutum ɗaya ya tuna, ka faɗi wanda ya faɗa da garin da aka yi hirar da ranar da aka yi ta, sai fa wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ka ba 'yan NPN fili su yi bayanin kansu daidai da 'yan PRP, ko da kuwa gidanku na mabuɗi ne ko na masara. Idan ka kammala, ka kwafi muryoyin da ka naɗa da hotunan teburin alƙalumanka ka kai wa Arewa House ko Gidan Mambayya ko sashen tarihi na jami'ar da ke kusa da kai, ka kuma mayar wa iyalan kowane dattijo kwafin hirar da ka yi da shi.